Ƙarar da Kwamfuta Ke Ta Yi: Kada Ki Toshe Mata Baki, Nemi Inda Ke Mata Ciwo

Mu nan Zuru hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da safe ko duwatsun da ke kewaye da gari ba a hangowa saboda hazo. Na san kin saba idan kin buɗe wannan fili ki tarar ina maganar zazzaɓi, ko yaye, ko allurar rigakafi. To yau majinyaciyar tawa kwamfuta ce. Kada ki ce nas ta ajiye sirinji ta koma gyaran na'ura, ki daure ki karanta har ƙarshe. Abin a gidana ya faru, ya sa ƙanwata kukan kwana biyu, kuma da hannuna a ciki.

Na kuma san ba mu kaɗai ba ne. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye da yawa suka ɗaure ciki suka saya wa yara laftof don su saba. Nan garinmu ma tun da aka kafa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a 2020, ɗalibai masu rataye da jakar kwamfuta sun ƙaru. Kwamfuta ta shigo ɗakunanmu, kuma idan ta fara rigima mu iyaye mata ne a gida.

Yadda abin ya faru

Autarmu a wurina take zaune, tana shekarar ƙarshe a makaranta. Bara na ɗauki adashe, maigida ya cika, muka saya mata laftof na hannu, irin wanda aka riga aka yi amfani da shi a Turai. Da rana ita ke aikin makaranta da shi, da yamma yarana su karɓa su koyi buga rubutu, wani lokaci kuma su saci kallon katun.

Wata biyu da suka wuce laftof ɗin ya tsiro da wata ɗabi'a. Yana zaune babu mai taɓa shi sai ki ji 'yar ƙara mai hawa sama, kamar ana tambaya. Jim kaɗan ki ji wata mai saukowa, kamar an ba da amsa. Wani lokaci sau ɗaya a awa, wani lokaci sau biyar a minti guda. Wata safiya na dawo daga aikin dare, idona kamar an zuba barkono, ina kwanciya abin ya fara. Na ɗaga murya na ce, "Auta, don Allah ki kashe min wannan ƙarar, kaina zai tsage." Ta ce, "To, Yaya." Ta danna maɓallin rufe sauti, gida ya yi tsit, na yi barcina.

Sati biyu muna zaune lafiya. Ashe duk tsawon lokacin nan abin bai daina ba, mu ne muka daina ji. Aikinta na kammala karatu, babi uku da ta shafe watanni tana rubutawa, a kan filash guda ɗaya yake, saboda da shi take zuwa shago a buga mata a takarda. Filash ɗin kuwa shiga yake yana fita shi kaɗai tana tsakiyar rubutu a kansa. Wani dare ta soka shi, kwamfuta ta fito da saƙo cewa sai an yi masa fomat kafin a iya buɗe shi. Saura kwana tara ta miƙa wa malaminta.

Da na zauna na yi tunani kunya ta kama ni. Sau nawa na rubuta a nan cewa zazzaɓi alama ce, kada uwa ta yi ta ɗura wa yaro farasitamol kwana huɗu ba a gwada jininsa ba? A asibiti idan na'urar da muke maƙala wa majinyaci a yatsa ta fara ƙara, ba ma kashe ta mu koma kujera. Mukan je mu duba, ko majinyacin ne ya rikice, ko abin ne ya zame daga yatsa. Sai ga ni a gidana na yi abin da nake hana mutane.

Me ƙarar take nufi?

Ruwa ba ya tsami banza. Windows, wato manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocinmu, yana da sauti biyu na musamman. Mai hawa sama na nufin an haɗa masa wata na'ura ya gane ta. Mai saukowa na nufin an cire. Idan kina jin su suna bin juna babu wanda ya taɓa komai, to akwai abin da ke haɗuwa yana rabuwa da kansa.

Yawanci ta ramin USB ne, ramukan nan masu kusurwa huɗu da ke gefen laftof inda ake soka filash, linzamin kwamfuta, modem ko igiyar waya. Tun 1996 aka fito da wannan tsari. Idan kika leƙa cikin tsohon samfurin za ki ga 'yan ƙarafa huɗu a jere: biyu na kai wuta mai ƙarfin bolt 5, biyu na kai bayanai. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga ko na ƙiftawar ido ne, kwamfuta za ta ɗauka an zare na'urar. Ya koma ya taɓa, ta ɗauka an sake sokawa. Abin da kike ji ke nan.

Idan linzami ne ke wannan wasa, abin haushi ne kawai. Idan filash ne ko ma'ajiyar bayanai ta waje, haɗari ne. Lokacin da kwamfuta ke adana rubutu, tana rubuta shi kansa aikin, tana kuma gyara jerin da ke nuna inda kowane fayil yake, kamar rajistar katunan majinyata. Idan haɗin ya yanke tana tsakiyar gyaran rajistar, katunan suna nan a kabad amma babu mai sanin na wane ne wanne. Abin da ya sami ƙanwata ke nan.

Kafin komai, ceci aikin

Idan yau kwamfutar gidanki na wannan ƙara, kafin ki nemi dalili ki sa a kwafe duk abin da ba za ki iya jure rasa shi ba. Aikin makaranta, takardun shaida da aka ɗauka a hoto, lissafin sana'arki, hotunan biki da na suna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kwafe daga filash zuwa cikin kwamfutar, sannan a aika wani kwafi waje. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta a Google Drive, kuma rubutu ba ya cin data sosai. Idan wannan ya yi miki nisa, WhatsApp yana ba ki damar aika wa kanki saƙo, sai ki tura fayil ɗin can. Ki kafa wa yaranki doka: kada a yi rubutu kai tsaye a kan filash. A yi aikin a cikin kwamfuta, idan an gama a kwafa a filash a tafi da shi, kuma a danna umarnin cirewa mai suna "Eject" kafin a zare.

Idan kuwa aikin gama ya gama, kwamfuta ta ce sai an yi fomat, to kada a danna amincewa. A rufe saƙon, a zare filash ɗin, kada a ƙara ajiye komai a kansa. A gwada shi a wani rami da wata kwamfuta. Idan duk haka ne, a kai wa mai gyara da ke da manhajar dawo da fayil, a gaya masa ƙarara ceto aka zo nema, kada ya share.

Mataki na 1: cire komai, ki saurara

A asibiti ba ma canza magani uku lokaci guda, don ba za mu san wanda ya yi aiki ba. Haka nan ma. Ki buɗe sauti, ki zare duk abin da ke jikin kwamfutar: filash, linzami, igiyar waya, modem, abin saurare, har da ɗan ƙaramin maɓallin nan na linzami marar igiya da ake mantawa da shi a rami. Ki kashe Bluetooth. Ki bar ta minti goma kina aikinki kusa.

Idan ta yi shiru, mai laifin yana cikin abubuwan da kika cire. Sai ki riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kina ba kowanne minti biyar. Wanda kika mayar ƙara ta dawo, kin kama shi. Idan kuwa babu komai a jikinta amma tana ci gaba, ki tsallaka zuwa mataki na 5.

Mataki na 2: igiyar ce, ramin ne, ko na'urar?

Da kin kama wanda ake zargi, saura ki san ta ina yake ciwo. Ki mayar da shi wani rami. Idan ya zauna lafiya a can, ramin farko ne ya lalace. Idan bai zauna ba, ki canza igiya. Idan har yanzu, ki gwada shi a kwamfutar maƙwabta. Ya yi rigima a can ma, to na'urar ce da kanta ta gaji.

A abin da na gani, igiya ta fi yawan laifi. Wayoyin cikinta sirara ne kamar gashi, kuma a wuya suke karyewa, daidai inda igiya ta haɗu da kai, saboda lanƙwasa da ja. Daga waje za ki gan ta garau. Ki soka ta, ki ɗan motsa wuyan a hankali. Idan ƙara ta tashi daidai da motsin hannunki, an gama bincike. Kada ki naɗe ta da salatif ko ki ɗaure da roba, ki sayi wata mai kauri. Araha ba ta ado, igiyar da ake sayarwa kuɗin ƙosai ba ta kai wata biyu.

Rami kuma yakan saki idan yara na jan laftof da igiya a jiki, ko ana sa shi a jaka da filash a soke. Alamarsa, abin da kika soka yana lilo maimakon ya kama gam. Irin wannan rami ki rufe shi da ɗan salatif don kada wani ya manta ya sa filash a ciki, har a kai wurin gyara.

Mataki na 3: ƙurar hunturu

A wannan lokaci ko tebur kika goge da safe, kafin azahar kina iya rubuta sunanki a kai. Ƙurar nan tana shiga ramukan, ta haɗu da zaren aljihu da na jaka ta dunƙule, ta hana ƙarafan taɓa juna sosai. Ki kashe kwamfutar gaba ɗaya, ki cire caja, ki haska ramin da fitilar waya. Idan kin ga datti, ki sa tsinken sakace na itace ki jawo shi a hankali, ko ki share da busasshen buroshin haƙori mai laushi.

Ban da allura, ban da fil, ban da reza, don ƙarfe na iya haɗa wuta ko ya lanƙwasa 'yan ƙarafan. Kada a zuba ruwa, turare ko kananzir. Ko hurawa da baki ban so, saboda danshin numfashi. Kuma idan ba a aiki da laftof a rufe shi a sa a jaka, ko a lulluɓe da tsohon ɗankwali bayan ya huce.

Mataki na 4: wutar ba ta isa

Kowane rami yana da iyakar wutar da zai iya bayarwa. Idan kika duba jikin cajar wayarki za ki ga lamba da harafin A, wato awon yawan wutar da take turawa, yawanci 2A ko fiye. Tsohon ramin USB 2.0 kuwa 0.5A aka tsara masa, USB 3.0 da akan yi wa cikinsa shuɗin launi 0.9A. Idan aka sa masa abin da ya fi ƙarfinsa, na'urar za ta tashi, wuta ta gaza, ta mutu, ta sake tashi. Kamar a ce nono ɗaya, jarirai uku.

Mu nan da wuta ke zuwa tana tafiya, laftof ya zama wurin cajin kowa. Wayar maigida, tocila, 'yar fanka, fawa-banki, wani lokaci duk a kan abin nan mai raba rami ɗaya ya zama huɗu. Ki rage masa kaya. Waya a yi mata caji a bango ko a sola. Ma'ajiyar bayanai ta waje a soka ta kai tsaye a shuɗin rami da gajeriyar igiyarta ta asali.

Ki kuma yi wannan gwajin: ki cire cajar laftof ɗin, ya yi aiki da batirinsa. Idan ƙarar ta ɗauke, da kin mayar da caja ta dawo, to a binciki cajar, ko soket ɗin, ko janareta. Idan an tada janareta a bar shi ya daidaita kafin a sa kwamfuta.

Akwai kuma wani tsari na tattalin batiri da Windows ke yi, yana sa ramukan barci idan ya ga kamar ba a amfani da su, wasu na'urorin kuma ba sa farkawa da kyau. Ga yadda ake hana shi. Rubutun da ke fuskar kwamfutar da Turanci yake, don haka zan kawo shi yadda za ki gan shi. Ki danna maɓallin Windows tare da harafin X, ki zaɓi "Device Manager". Ki sauka ƙasa ki buɗe "Universal Serial Bus controllers", ki danna "USB Root Hub" sau biyu, ki shiga "Power Management", ki cire alamar da ke gaban layin da ya fara da "Allow the computer to turn off this device". Idan suna da yawa ki yi wa kowanne. Batiri zai ɗan rage jimawa, amma ba sosai ba.

Mataki na 5: babu komai a jiki, amma tana yi

Nan ne mutane ke fara cewa an yi wa kwamfuta asiri, ko ƙwayar cuta ta shige ta. Ba kasafai ƙwayar cuta ke jawo wannan ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a laftof da yawa kyamarar da ke saman fuska, da Bluetooth, da wurin sa yatsa, da ramin memori, duk ta hanyar USB aka haɗa su daga ciki. Su ma suna iya saki.

Ki sake buɗe "Device Manager", ki buɗe rukunin "Cameras", da na "Bluetooth", da na USB ɗin nan. Duk sa'ad da ƙarar ta tashi za ki ga jerin ya ƙifta ya sake jeruwa. Ido ba ya saurin kama layin da ya ɓace, don haka ki ɗauki bidiyon fuskar da wayarki, sannan ki kalla a hankali. Layin da ke ɓacewa yana dawowa, ko wanda ke da alamar rawaya mai kusurwa uku, ko aka rubuta masa "Unknown USB Device", shi ne majinyacinki.

Sai ki ɗaga murfin laftof ɗin ki sauke a hankali kina saurare. Siririyar igiyar kyamara ta cikin mahaɗin murfi take bi, wurin da ke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa. Laftof na hannu ya riga ya sha buɗewa shekaru kafin ya iso gare mu. Idan motsa murfi na tada ƙarar, aikin mai gyara ne.

Idan motsi ba ya tada ta, mai yiwuwa direba ce, wato 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da na'urar. Ki danna layin da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi "Uninstall device", ki kashe kwamfutar ki kunna, Windows zai sake ɗora ta da kansa. Wannan a yi shi kan layin da aka kama kaɗai, ba a bi jerin ana gogewa ba.

Wayar da ke hannunki ma haka ne

Wata 'yar uwa daga Yawuri ta taɓa rubuto min a ƙasan wannan fili cewa wayarta kwana take tana kuka a caji, da safe ta tarar ko rabi ba ta kai ba. Ciwo ɗaya ne. Ki bi tsari ɗaya: canza igiya, canza kan caja, canza soket, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki kashe wayar ki haska ramin cajin. Mu da ke sa waya a jaka tare da goro, alewar yara da tsumman goge fuska, abin da ke fitowa daga ramin nan sai ya ba ki mamaki.

Sababbin wayoyi ramin USB-C gare su, mai kama da ƙwayar shinkafa, wanda ake sokawa ta kowace fuska. Tun 28 ga Disamba 2024 Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta, don haka za mu ƙara ganin sa a kasuwanninmu. A tsakiyarsa akwai wani siririn harshe mai ɗauke da 'yan ƙarafa har 24. Idan za ki share, ki bi gefe da gefe, kada ki danne harshen, in ya karye sai an canza ramin ɗungurum.

Inda nas za ta sa baki

Haɗin wuta da ke saki yana kamawa yakan yi zafi. Idan kan caja ya yi zafin da ba za ki iya riƙe shi ba, ko kin ji ƙaurin roba, ko kin ga baƙi a bakin igiya, ki kashe daga bango ki raba gidanki da ita. Kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada a bar waya a caji kusa da gidan sauron yara a kwanta.

Ki duba batiri. Idan bayan waya ya ɗago, ko wurin shafa yatsa na laftof ya kumburo, batirin ya lalace. A daina amfani da shi, kada a huda, kada a danne, kuma kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona, yana iya fashewa.

Mai rarrafe kuma duk abin da ya samu baki yake kaiwa. Kada a bar caja a soket bakin igiyarta na yawo a ƙasa. Idan wuta ta ja yaro, ki fara kashe soket kafin ki taɓa shi, sannan a kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware. Ƙuna kuwa a tara ta a ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20. Ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri. Ƙunar baki ko ta fuska ba a jinyarta a gida.

Idan za ki wurin mai gyara

Ki tafi da bayani, yadda muke so uwa ta zo mana da shi: yaushe ya fara, me aka soka, wane rami, me kika gwada. Ki nuna masa bidiyon da kika ɗauka. Ki tafi da caja da igiyar da ake amfani da su. Idan kalmar farko da ta fito bakinsa ita ce a share komai a sake sa Windows, ki tambaye shi ya gwada ramukan da igiyoyin tukuna? Sabon Windows ba ya ɗinke igiyar da ta tsinke. Ki kwafe kayanki kafin ki bar masa, ki fita daga akwatin saƙonninki, kuma a yi ciniki kafin ya kwance ko da kusa ɗaya.

Akwai hanyar kashe waɗannan sautuka biyu kaɗai a bar sauran. A cikin "Control Panel" a shiga "Sound", a buɗe "Sounds", a nemo "Device Connect" da "Device Disconnect" a mayar da su "None". Na faɗa miki don kada ki ce na ɓoye, amma sai bayan kin san abin da ke jawo ƙarar, kin kuma tabbata ba zai taɓa aikin kowa ba.

Mu dai namu laifi biyu ne suka haɗu. Ramin dama ya saki, daga baya ƙaramin ɗana ya amsa cewa shi ya taɓa jawo laftof ɗin daga kan kujera da igiyar linzami. Sannan igiyar kyamara ta goge a mahaɗin murfi. Mai gyara ya canza ramin, ya zare igiyar kyamarar daga ciki har a samo wata. Daga filash ɗin ya ceto babi biyu lafiya, na uku ya fito da rubutun da ba ya karantuwa. Allah ya taimaka ta taɓa tura wa ƙawarta shi ta WhatsApp kwana goma kafin nan. Sauran ta sake rubuta shi daga littafinta na hannu, dare huɗu tana zaune, ni ina dafa mata shayi ina ba ta haƙuri. Ta miƙa a ranar ƙarshe.

Yanzu duk daren Lahadi sai na tambaye ta, "Auta, kin tura wa kanki?" Ke ma yau kafin ki kwanta ki tambayi naki ɗalibin inda aikinsa yake, da ko yana da kwafi na biyu. Idan kin gwada matakan nan, ki rubuto a ƙasa ki gaya mana a wanne kika kama naki mai laifin, wata za ta ƙaru da ke. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma fagenmu, mu yi maganar tarin yara da fasowar ƙafa a wannan sanyi. A gaida yara.